Rumbun Bayanai na Haya: Me Ake Ɗauke Maka, Me Ya Rage a Wuyanka?

A wani daren watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai kan hana mutum barci ko a tsakar gida, wani ƙanena ya kira ni wajen ƙarfe goma sha biyu. Muryarsa kaɗai ta isa in gane ba lafiya. Ya ce: "Yaya, don Allah ka zo, baz ɗin Alhaji ta ƙi tashi." Rumbun bayanai yake nufi. Shi ne ya rubuta wa Alhajin, wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi da sari, manhajar lissafi, wadda ke riƙe da abin da ya shiga mangaza, abin da ya fita, da sunayen masu ɗaukar kaya bashi daga Tawa, Konni da Madawa. Da na isa na tarar da kwamfutar a ƙarƙashin tebur a ɗakin baya, fankarta ta toshe da jar ƙura. An ɗauke wuta da la'asar, batirin ondilar da ke riƙe wa kwamfuta wuta ya daɗe da mutuwa ba wanda ya lura, faifan kuma yana wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Kwafin ajiya na ƙarshe yana kan wani ɗan kile a aljihun ƙanen nawa, kuma tun watan Janairu aka yi shi. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya zauna kan buhun shinkafa ya ce: "Malam, ni dai in san wa nake bi, wa ke bi na." Kwana huɗu muka yi muna tattara takardun rasit muna sake shigar da lissafin wata uku da hannu, kuma akwai abin da bai dawo ba har yau.

Tun daga ranar, duk lokacin da matasa masu rubuta manhaja suka tambaye ni a fada, ana zagayen shayi, ko gaskiya ne yanzu mutum na iya danna maɓalli ya samu rumbun bayanai cikin minti kaɗan, wani kuma ya kula masa da shi, nakan ce gaskiya ne, amma a zauna a ji sauran bayanin. Akwai abin da ake ɗauke maka da gaske, kuma ba ƙarami ba ne. Akwai kuma abin da ke nan a wuyanka ko nawa ka biya.

Rumbun bayanai, wanda masu sana'ar a nan ke kira baz, littafin bashin mai butik ne da aka ba shi ƙa'idoji masu tsanani. In ka je ka aika wa mahaifiyarka jika goma zuwa ƙauye, abu biyu ne za su faru: a cire daga wani wuri, a ƙara a wani wuri. Aikin rumbun shi ne ya tabbatar ko duka biyun sun faru ko kuma babu wanda ya faru, ko da wuta ta ɗauke a tsakani, ko da mutum ɗari suna rubutu a lokaci guda. Tsarin jera bayanai cikin teburori masu alaƙa da juna, Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa shi a 1970. Cikin sanannun rumbuna masu wannan tsari, MySQL ya fito a 1995, PostgreSQL kuma ya samo asali daga wani aikin bincike da aka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986. Dukansu kyauta ne, kuma ɗalibin shekarar farko zai iya girka su cikin kwata na awa.

Girkawar ba ita ce wahalar ba. Duk wanda ya san manoman albasa na Galmi ya san kafa rudu ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne watannin da za a yi ana leƙawa, ana juyawa, ana tsince wadda ta fara ruɓa kafin ta shafi ƴan uwanta. Haka rumbun bayanai yake. Kullum sai an yi kwafi, an kai shi wani wuri na daban. Sai an sa ido kan faifai kada ya cika cikin dare. In aka gano wata kafa da ɓarayin intanet ke shiga, sai an yi faci da wuri. PostgreSQL na fitar da babban zubi sau ɗaya a shekara, kuma kowane zubi shekara 5 ake kula da shi, daga nan sai ka ƙaura ko ka zauna da ƙofa a buɗe. Wannan aiki ba ya ƙarewa, ba a kuma ganin amfaninsa sai ranar da aka fasa yin sa. Ƙanena ba rago ba ne. Shi kaɗai ne, yana da kwastomomi shida, kuma ba wanda ya taɓa biyansa kuɗin leƙa rudu.

A nan hayar rumbu ta shigo. Abin da ake kira gajimare, ba wani abu ba ne a sama, manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci da ake bayar da hayarsu ta intanet. Amazon ya fara bayar da hayar na'ura da wurin ajiya a 2006. Da farko ɗaki ake ba ka babu komai, kai za ka girka rumbunka, ka ci gaba da duk ɗawainiyar da na lissafa, sai dai an ɗauke maka ƙura da ɗaukewar wuta. A watan Oktoba na 2009 kamfanin ya fito da RDS, inda MySQL ɗin kansa ake ba ka a shirye, su ke yin kwafi, su ke yin faci. Microsoft ya bi a 2010, Google ya fito da Cloud SQL a 2011. Yau har kamfanonin da ba su kai waɗannan girma ba, irin su OVHcloud da Scaleway na Faransa ko DigitalOcean, suna sayar da wannan hidima.

Abin da na fi so matasanmu su fahimta shi ne abin da ke gudana daga lokacin da ka danna maɓallin zuwa lokacin da aka ce maka an gama, domin babu tsafi a ciki. Kai dai fom ka cika: wane irin rumbu, wane zubi, ƙwaƙwalwa nawa, faifai nawa, kwana nawa za a riƙe kwafi. Buƙatarka na isa, sai a fara duba ko kai wane ne, ko kana da izini, ko ba ka wuce iyakar da aka yanka maka ba. Ba a sa ka tsaya jira. Ana ba ka amsa nan take cewa ana kan gini, a jefa aikin cikin layi. Wata manhaja ta ɗauko shi daga layin ta bi mataki mataki. Ta nemi babbar na'urar da ke da sarari, ta yanko maka ɗan yanki a cikinta. Ta ɗauko hoton faifai da aka riga aka shirya, mai ɗauke da rumbun a girke, kamar yadda magini ke zuba bulo a ma'auni ɗaya don kowane ya fito daidai da ɗan uwansa. Ta haɗa masa faifan ajiya na daban, wanda ko na'urar ta mutu shi yana nan. Ta sa shi cikin hanyar sadarwarka, ta ja masa katanga, ta raɗa masa sunan da manhajarka za ta riƙa kiransa da shi. Sannan wani ɗan aike da ke zaune a cikin na'urar ya farka, ya daidaita rumbun gwargwadon ƙwaƙwalwar da ka saya, ya buɗe maka asusu da kalmar sirri, ya yi kwafin farko, ya fara aika rahoton lafiyarsa. Sai a lokacin alamar ke canzawa ta ce a shirye yake.

Wanda ke son ganin wannan da idonsa ba sai ya roƙi kowa ba. OpenStack, tsarin gina gajimare wanda kamfanin Rackspace da hukumar NASA suka fara a 2010, buɗaɗɗe ne, kowa na iya karanta rubutunsa. Ɓangarensa mai kula da rumbunan bayanai sunansa Trove, ya shiga cikin tsarin sosai a 2014. Trove ba ya yin komai shi kaɗai: Keystone ke tantance mutum, Nova ke bayar da na'ura, Cinder faifai, Neutron hanyar sadarwa, Swift kuma ke karɓar kwafin ajiya. Masu amfani da Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan na'urori da yawa, suna da tasu hanyar. Kai za ka rubuta yadda kake son abu ya kasance, misali rumbu ɗaya da mataimaka biyu, sai wata manhaja irin CloudNativePG ta riƙa zagayawa ba dare ba rana tana gwada abin da ka rubuta da abin da ke ƙasa, in ta ga ɗaya ya faɗi ta tayar da wani.

Gwanintar masu gina irin wannan tsari ba a ranar da komai ya tafi daidai ake ganinta ba. A ce an yanko na'ura, an haɗa faifai, sai hanyar sadarwa ta ƙi. Me za a yi da faifan da aka riga aka yanka? In aka bar shi, ya zama maraya, yana cin wuri, wataƙila ana rubuta maka kuɗinsa. In buƙatarka ta iso sau biyu saboda rezo ya yanke ka sake dannawa, dole tsarin ya gane abu ɗaya kake nema, kada ya gina maka biyu. Dole kuma a raba ofishin da ke karɓar umarni da rumbunan da ke aiki, ta yadda in ofishin ya samu matsala, ba za a iya gina sabo ba amma waɗanda ke tsaye ba abin da zai taɓa su. Mafi yawan rubutun da ke cikin waɗannan manhajoji na irin waɗannan ranaku ne.

A gidan haya ba a ba ka kowane mabuɗi. Ba za ka shiga cikin na'urar kanta ba, kuma asusun da aka ba ka, duk girmansa, bai kai na mai gida ba. Wasu ƙare-ƙaren da ka saba girkawa za a ce babu su a jeri. Matasa da yawa na jin haushin wannan, ni kuwa ina ganin adalci ne. Wanda ya yi alkawarin zai tashi da tsakar dare ya gyara, yana da haƙƙin hana ka sauya masa wayoyi.

Maganar kwafi ita ce zuciyar al'amarin, kuma a nan ne aka fi ruɗewa. Rumbu mai kyau, kafin ya taɓa teburinsa, sai ya fara rubuta abin da zai yi a wani kundi na gefe, layi bayan layi. Mai haya na ɗaukar hoton faifai sau ɗaya a rana, yana kuma kwashe wannan kundi a kai a kai. Da waɗannan biyun za a iya mayar da kai kowane minti da ka zaɓa. In yaron kanti ya share teburin masu bashi da ƙarfe 10 da minti 42, sai ka ce a gina maka rumbun kamar yadda yake da ƙarfe 10 da minti 41. A RDS ana iya riƙe wannan dama har kwana 35. Sabon rumbu ake gina maka a gefe, tsohon na nan, kai za ka duba ka yanke shawara. Da Alhaji na da wannan a daren nan, da kafin sallar asuba an gama.

Mataimaki kuma daban. Shi rumbu ne na biyu a wani gini, duk abin da aka rubuta a na farko ana rubuta masa. In na farko ya faɗi, sai a ɗora shi, a juya sunan nan ya koma kansa, yawanci cikin minti ɗaya zuwa biyu. Abin tsoro a nan shi ne kada na farkon ya kasance bai mutu ba, sadarwa ce kawai ta yanke, a wayi gari sarki biyu a gari ɗaya kowa na karɓar rubutu. Shi ya sa tsarin kirki ke tabbatar da an tsige na farko kafin a naɗa na biyu. Amma a riƙe wannan da kyau: mataimaki ba kwafin ajiya ba ne. In ka share abu bisa kuskure, cikin ƙiftawar ido shi ma zai share, domin aikinsa ke nan. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, cikin gajiya da dare, ya share bayanai a babban rumbu yana zaton a kan mataimakin yake. Kamfanin na da hanyoyin kwafi har biyar, aka duba aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wani hoto da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan awa shida kuwa ya tafi. Su da kansu suka bayyana wa duniya abin da ya faru dalla-dalla, kuma na daɗe ina ba ɗalibai labarin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai ake yi akwai shi.

Ginin ma na iya tafiya gaba ɗaya. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da rumbunsu sun yi asarar da ba ta dawowa. In ka ga an rubuta maka alkawarin kashi 99.95 cikin ɗari, lissafa shi: a wata mai kwana 30, kusan minti 22 ke nan da aka yarda abin ya tsaya. In an wuce haka, rangwame ake yi maka a faktir ta gaba. Ba wanda zai biya ka cinikin ranar kasuwa da ya wuce ka.

Sauran kuwa duk naka ne. In ka tsara teburinka ba daidai ba, in tambaya ɗaya sai ta karance layi miliyan kafin ta ba da amsa, mai haya ba zai gyara maka ba, sai dai ya nuna maka na'ura mafi girma da tsada. In ka buɗe ƙofar rumbun ga duk duniya don ka samu sauƙin shiga daga gida, akwai manhajojin da ba su da aiki sai zagaya intanet suna taɓa ƙofa 5432 ta PostgreSQL da 3306 ta MySQL. A farkon 2017 dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe aka kwashe, aka bar wa masu su takardar neman kuɗin fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma wata matsala da na fi gani a nan fiye da duk waɗannan, wadda ba ta fasaha ba ce. Asusun gajimaren da sunan yaron da ya rubuta manhajar aka buɗe shi, da adireshin imel ɗinsa, katin banki kuma na wani ɗan uwansa ne da ke zaune a waje. Ranar da suka saɓa da mai dukiya, ko yaron ya samu tafiya karatu, ko katin ya ƙare aiki aka kasa cirar kuɗi, lissafin shekaru na hannun wanda ba shi da shi. Wannan abu na ci mini rai ƙwarai, domin gyaransa bai fi aikin rabin awa ba a ranar farko.

Yanzu a dawo Yamai, inda lissafin ya bambanta da na mai zaune a Turai. Manyan kamfanonin nan ba su da cibiya a ƙasarmu. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Mafi yawanmu Paris ko Jamus muke zaɓa, domin wayoyin ƙarƙashin teku can suka fi nufa. Tsakanin Yamai da Paris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, haske kuma a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Zuwa da dawowa ke nan ba zai gaza milisakan 40 ba (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) ko da an ja waya a miƙe ta cikin Sahara, alhali saƙonmu sai ya gangara bakin teku ta wajen maƙwabta kafin ya haura. A ɗauka milisakan 100 ne. Ba a jin sa a tambaya ɗaya. Amma in shafin manhajarka na yi wa rumbu tambaya 200 ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa 20 ke nan kwastoma na tsaye yana kallon mai kanti. Saboda haka kada a raba manhaja da rumbunta. In rumbun na Paris, manhajar ma ta zauna kusa da shi, abin da zai ƙetaro zuwa nan ya zama shafin da aka gama haɗawa.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka yi kwanaki cikin wahalar intanet. Rumbunan da ke Turai lafiyarsu ƙalau a ranar, mu ne ba mu iya isa gare su. Mai kanti a Tawa ba zai ce wa mai sayen sukari ya dawo in rezo ya dawo ba. Duk manhajar da ake ciniki da ita hannu da hannu, a ganina dole ta iya riƙe cinikin yini a cikin na'urar kanti, ko da ɗan ƙaramin rumbu irin SQLite ne, in hanya ta buɗe ta aika. Wannan ya fi wahalar rubutawa, na sani, domin sai an yi tunanin abin da zai faru in reshe biyu suka sayar da buhu na ƙarshe a lokaci guda.

Kuɗin kuma da awa ake lissafa shi, ko ana amfani da rumbun ko ba a yi. Wanda ka gina don gwaji ka manta, yana nan yana ci. A RDS ko ka tsayar da shi, bayan kwana 7 da kansa zai tashi. Mataimaki na ninka kuɗin kusan sau biyu. Faifai ana ƙara masa girma cikin sauƙi, rage shi kuwa sai an gina sabo an yi ƙaura. Shigar da bayanai yawanci kyauta ne, fitar da su ne ake biya. Wanda ke biya da yuro ya san abin da zai fitar, tun da sefa a ɗaure take a kan 655.957, mai biya da dalar Amurka kuwa kowane wata da nasa labari. Duk da haka kada a gwada wannan faktir da kuɗin kwamfutar ƙarƙashin tebur kawai a ce ta fi araha. A sa kuɗin gazuwal na gurup, da kilim, da batir da ake sauyawa, da kwana huɗun da muka yi muna tsintar rasit.

Doka ma na da bakin magana. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sake sabuwa a Disamba 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa na da sharuɗɗa, ba abin da mai rubuta manhaja zai yanke shi kaɗai ba ne don ya ga maɓalli. A ɗaya gefen, Amurka na da dokar da ta yi a 2018 wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai a hannun kamfanoninta ko a wace ƙasa suka ajiye su. Lissafin buhunan shinkafa daban, sunayen marasa lafiya ko takardun ma'aikatan gwamnati daban. Kafin a zaɓi wuri a fara tambayar bayanan wa za a zuba.

Wannan ne ya sa nake ƙwaɗayin ganin an sayar da irin wannan hidima a cikin gida, a biya da sefa ta waya, a kira mutum da Hausa ko Zabarmanci in abu ya lalace. Kayan aikin duk a buɗe suke, kuma ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani a Tawa da na zauna da su ba su gaza kowa kai ba. Abin da ke da wuya shi ne wuta da mutane. Mun ga yadda Yamai ta kasance a Agusta 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Wanda zai ce wa jama'a su kawo amanarsu, sai ya tanadi gini biyu da ba su sha daga layin wuta ɗaya ba, da aƙalla mutum uku ko huɗu da za su riƙa karɓa-karɓar kwana da waya a kunne, har ranar sallah. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shawarata ga duk mai wannan niyya, kada ya fara da jerin rumbuna iri goma don ya yi kama da manya. Ya ɗauki PostgreSQL kaɗai, girma uku, kwafi a gari biyu, ya kuma riƙa nuna wa kwastomominsa sakamakon gwajin dawo da kwafi kowane wata. Ni da kaina zan kai masa kwastoma.

Shi Alhaji, daga baya mun mayar da lissafinsa rumbun haya. Da sunansa aka buɗe asusun, da lambar wayarsa, ƙanena kuma aka ba shi izinin aiki a ƙarƙashinsa. Kowane dare ana fitar da wani kwafi na daban da pg_dump, manhajar kwafe rumbun PostgreSQL, a sauko da shi kan faifai a gidan Alhaji, domin ko za a bar wannan kamfani gobe a bar shi da kaya a hannu. Asabar ta farkon kowane wata, bayan la'asar, ƙanena na gina sabon rumbu daga kwafin jiya, ya juya wa Alhaji fuskar kwamfutar. Alhaji ya sa tabarau ya ce: "Ɗana, nemo mini mutumin Madawa." A nemo, ya gwada da abin da ke cikin ɗan littafin aljihunsa, ya gyaɗa kai. Sannan a rushe rumbun gwajin kafin a kira magariba, don kada ya kwana yana cin kuɗi.